Maɗaurin Alli

Ni baduku ne a Birni.
Kakana ya ɗinka kube, ubana ya ɗinka alabe,
ni kuwa ɗinkin da ya fi ba ni wuya
bai kai faɗin yatsa biyu ba.

Shekarar da sanƙarau ya ratsa unguwarmu
ya tafi da yara uku, ya mayar mana da Nuhu.
Ya mayar da shi dai,
amma irin biyan rancen hatsi, mudun bai cika ba.
Hannun dama ya dunƙule ya ƙi buɗewa,
magana tana zuwa kamar ruwan famfonmu:
yau ɗigo, gobe shiru, jibi sai tsakar dare.

Na ce ya zauna gefena a rumfa,
ya riƙa miƙo mini zare, ya ishe shi.
Habsu ba ta ce uffan ba.
Da safe ta goya shi, ɗan shekara takwas,
dugadugansa suna bugun gwiwoyinta,
ta bi ta tsakanin duwatsu har lakwal.

Kwana tara, sai ga Madam Zuwaira a bakin rumfata,
guntun alli a tafin hannunta.
Ta ce, "Malam Ilu, kansa yana riƙewa,
yatsun ne ke saki.
Sau goma sha ɗaya allin ya faɗi jiya,
sau goma sha ɗaya aji ya yi dariya,
na sha biyun shi ya yi jifa da shi.
Kai da ke ɗaure wuƙa a damtsen makiyayi,
ka kasa ɗaure alli a hannun ɗanka?"

Na sunkuya kamar mai neman basilla,
alhali tana hannuna.

Yana barci na auna yatsunsa da zare.
Na farko ya matse, ya bar masa jan zobe.
Na biyu ya yi sako-sako.
Na uku na yanko daga cikin akuya,
inda fata ta fi laushi,
na murza da mai har ta daina gardama,
na yi wa alli ɗaki, na yi wa babban yatsa ƙofa.

Kada wani ya ce da shi ke nan.
Harafin farko na sunansa ya ci mana wata guda.
Ya samu, zazzaɓi ya zo ya share,
aka koma farko.
Madam ta matso da bencinsa kusa da ƙofa
don ya fita in kai ya fara sarawa.
In yara sun watse, takan ƙara masa rabin awa,
ɗanta na goye yana tsala kuka a bayanta.
Wata ranar ya dawo da allo fari fat,
wata ranar baƙi ƙirin, da kumburin ido.

Ni da ban taɓa zama a benci ba,
da dare nakan ɗauki allon in duba:
sanda biyu a tsaye,
ta uku ta jingina tsakaninsu.
Na ce, wannan ai na san shi,
haka Habsu da Madam suke tsaye,
haka yake jingine.

Ranar Alhamis ya zo rumfa da maɗaurin a hannu,
ya jawo jar fatar da na yanka don jakar wani alhaji,
ya zana harafinsa a tsakiya.
A juye ya zana shi.
Na ɗaga hannu zan goge,
sai na ajiye, na ɗauko basilla,
na bi sawun allin, huda bayan huda.

Alhajin ya juya jakar, ya ce wannan wane ado ne.
Na ce sabon hannu ne a gidanmu,
kuma ban rage masa ko dala ba.